Wanda ya kira adowa hayaniya, kunnensa ne bai koya ba

A Kumasi ba a rasa kiɗa. Ranar Asabar ta makoki ce, adowa, kiɗan gargajiyar Asante, na tashi daga unguwa zuwa unguwa. Ranar bikin Akwasidae, duk bayan kwana 42, gangunan fontomfrom da kete ne ke cika Manhyia, fadar Sarkin Asante. A Aboabo da Asawase kuwa, in biki ya tashi, kalangu ne ko gangunan Dagombawa, in dai lasifika ba ta danne su ba. Duk da wannan zaman tare, har gobe za ka ji dattijo a Zango yana cewa kiɗan Tonawa, wato Asante, ba kai ba gindi. A ganina, ba aibin kiɗan yake faɗa ba, iyakar abin da kunnensa ya saba da shi yake nuna mana.

Ƙwaƙwalwa ba zuba wa kiɗa kunne kawai take yi ba, hasashe take yi. Kafin bugu ya sauka ta riga ta ƙiyasta inda zai faɗo. Stefan Koelsch da abokan aikinsa a Jamus sun nuna cewa idan amo ya saɓa wa tsarin da mai sauraro ya saba, ƙwaƙwalwarsa kan mayar da martani cikin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, ko da bai taɓa koyon kiɗa ba. To tsarin da ba ka saba ba fa? A 2003 Steven Morrison da Steven Demorest na Jami'ar Washington sun sa Amurkawa cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka kunna musu kiɗan Turawa da na gargajiyar Sin. Wuraren da suka motsa kusan ɗaya ne. Bambancin ya fito ne wajen tunawa: na gida ya fi zama musu a kai. Ashe ƙwaƙwalwa ba ta yar da baƙon kiɗa, mariƙi ne ba ta samo masa ba tukuna.

Abin da ya fi ja mini hankali shi ne binciken jarirai na Erin Hannon da Sandra Trehub a 2005. Sun yi amfani da kiɗan yankin Balkan, mai ƙirgen bugu da ba ya rabuwa daidai wa daida. Jariran Arewacin Amurka 'yan wata 6 suna gane in an ɓata ƙirgen, kamar yadda suke ganewa a kiɗan gidansu. Da suka kai wata 12 baiwar gane baƙon ƙirgen ta dusashe. Amma da aka riƙa kunna musu kiɗan a gida na mako biyu, sai ta dawo. Manya da aka gwada haka da su ba su kamo jariran ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu cewa kiɗa ba ya buƙatar tafinta suna da rabonsu na gaskiya. A 2009 an gwada mutanen Mafa na arewacin Kamaru da ba su san kiɗan Turawa ba, suka iya bambance na murna da na baƙin ciki da na tsoro fiye da yadda dace zai bayar. Sai dai wannan bakin ƙofa ne kawai. Atumpan, gangar Asante, magana take yi da harshen Twi, tana bin hawa da saukar murya. Marigayi Farfesa J. H. Kwabena Nketia, ɗan Mampong da ya rasu a 2019, ya ƙarar da shekaru yana rubuce wannan ilimi. Kalangu ma haka yake furta taken mutum da Hausa. Wanda bai ji harshen ba bugu kawai zai ji, wanda ya ji kuwa kirari ake yi a gabansa.

Nan ne ɗan Zango ya yi zarra, mu ne ba mu lura ba. Yaron da aka goya a Aboabo, ya ji Hausa a gida, Twi a kasuwar Kejetia, Dagbani a bakin maƙwabta, kunnensa ya tashi da tsare-tsaren kiɗa biyu ko uku. Na san malamanmu sun yi saɓani kan kiɗa, kuma ba nan ne filin wannan ba. Amma ko gidan da ba a kaɗa ganga ana waƙar reno, ana bege.

Damuwata ita ce wayar hannu. Wani bincike na 2024 da Nori Jacoby ya jagoranta, kan rukunoni 39 a ƙasashe 15, ya gano cewa ɗaliban jami'a a ƙasashe daban-daban sun fi kama da masu sauraro na Yamma a yadda suke jin bugu, fiye da makaɗan gargajiyar ƙasashensu. Kunnuwa na komawa iri ɗaya ke nan, ta hanyar boko da birni da intanet.

Don haka masana a Jami'ar Ghana da ke Legon da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi su daina jiran Turawa su zo su auna mana kunne. Daga harabar jami'ar ta Kumasi zuwa Aboabo tafiyar tiro-tiro ce. Masu shirya biki da suna kuma su ba mai kalangu ko mai goge awa guda kafin a kunna lasifika, a lokacin da iyaye mata ke zaune da goyo a baya.