Agogon tunatarwa ba ya ƙara wa mai mantuwa mantuwa

Maganar nan ta dame ni gaskiya, na sha jin ana cewa idan aka ba mai ciwon mantuwa ko wanda ya samu rauni a ƙwaƙwalwa waya ko agogo mai tunatarwa, wai ƙwaƙwalwar za ta yi lalaci ta daina aiki gaba ɗaya. Na fahimci masu faɗi, tsoro suke kar mutum ya dogara da na'ura ya rasa ɗan abin da ya rage masa.

Amma ba haka abin yake ba. Bugun kai a haɗari, shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon Alzheimer (ciwon mantuwa da ya fi kama tsofaffi), suna lalata sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe "zan yi kaza anjima", kuma matsa wa mutum ya tuna da ƙarfi ba ya gyara wannan wurin, sai dai ya ƙara masa kunya da fargaba, wani lokacin ma ya sha magani sau biyu. Agogon tunatarwa kamar tabarau ne, shi kuwa tabarau ba ya kashe ido.

Misali akwatin magani mai gida-gida na kwana 7, ƙarfe 8 na safe ya yi ƙara, mutum ya buɗe gidan ranar, in ya ga babu komai ya san ya riga ya sha, ba sai ya tambayi kowa ba.

Abu ɗaya dai, a fara koya masa tun ciwon bai yi nisa ba, don daga baya koyon sabuwar na'ura yana wahala sosai, kuma kar a cika masa waya da manhajoji.