Abincinmu na shan fetur fiye da kima

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ake ta kukan tsadar abinci. Kukan gaskiya ne, amma ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka bari cin abincin talaka ya rataya a wuyan gidan mai.

Ku je Kadawa ko fadamun Hadejia da rani ku gani. Da asuba manomi zai ɗaure jarka a bayan babur, ya zuba wa injin ban-ruwa, ya ja igiya, ya tsaya yana lissafi yayin da ruwa ke shiga fangali. Litar da yake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a 2024. Wani ya rage ba da ruwa, wani ya rage gonar, wani ya haƙura da noman baki ɗaya. Takin yuriya kuma da iskar gas ake yin sa, tirelar da ke kai tumatir Legas dizal take sha. Duk wannan mai cefane ne ke biya.

Ga rana kuwa Allah ya ba mu kyauta. Injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana yana nan a kasuwa, kuɗin sayensa ne ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Indiya ta gane haka, shi ya sa a 2019 ta fito da shirin PM-KUSUM, gwamnati na ɗaukar kaso mai tsoka na kuɗin injin. Mu ma rarar kuɗin da aka ce an samu daga cire tallafin mai, nan ya kamata wani ɓangarensa ya tafi: a ba ƙungiyoyin manoma bashi su biya bayan girbi, a koya wa matasan ƙauye gyara, domin injin da ba mai gyara shi zai zama tarkace ne.

Batun taki dai a bi a hankali. Sri Lanka ta haramta takin zamani dare ɗaya a 2021, noman shinkafa ya faɗi, dole ta janye. A taimaka wa manomi ya haɗa da takin gargajiya, ya riƙa juya gona da wake da gyaɗa.

Gwamnonin Kano da Jigawa, a sa wannan a kasafin kuɗi mai zuwa, a kuma wallafa sunayen ƙungiyoyin da suka karɓa, kada ya ƙare a hannun 'yan siyasa.