Iskar Rana a Teburin Mai Shayi

Bayan isha'i ne a Birnin Kebbi. Ɗalibi ya buɗe laftof tsakanin gwangwanayen madara, Dakta na kurɓar shayi, Baba Masunci mutumin Argungu yana gyaran homarsa.

ƊALIBI: Malam, kwana uku ina kwaikwayon yadda iskar rana, ƙwayoyin nan da rana ke fesowa, ke dukan sararin duniyar Mars, amma kwamfutar nan ta rantse iska ba ta iso ba.

DAKTA: Gudun nawa ka sa mata?

ƊALIBI: Kilomita 400 a daƙiƙa, yadda kuka ce.

DAKTA: Da alamar ɗebewa?

ƊALIBI: Wace ɗebewa kuma?

DAKTA: A tsarin da muke bi, layin X daga Mars yake tashi ya nufi rana. Iskar kuwa daga ranar take tahowa. Sai ka rubuta -400. Kai ka kora ta gida.

BABA: Wato yaron ga ya sa ruwan Matan Fada hawan tudu.

ƊALIBI: Baba, wannan kimiyya ce fa.

BABA: Awo, ita nake kallo.

DAKTA: Yawan furoton fa, wato ƙwayoyin da ke cikin iskar?

ƊALIBI: 5.

DAKTA: Na unguwarmu ne wannan, kusa da duniyarmu. Mars ta fi mu nisa da rana sau 1.52, yawan kuma da ninkin nisa a kansa yake raguwa. Raba 5 da 2.3, ka samu wajen 2 a kowane santimita kubik. Amma dubi kan layin, da me fayil ɗin yake awo?

ƊALIBI: Da... mita kubik.

DAKTA: To 2,000,000 za ka rubuta. Ka sa 5 tsurarsa, ka bar sarari fayau.

BABA: Ka shiga kasuwa ka ce a ba ka shinkafa biyu, ba ka ce mudu ko buhu ba. Ɗana, ƙwara biyu za a damƙa maka.

DAKTA: Maganaɗisun da iskar ke ɗauke da shi ka sa ƙarfinsa wajen nanotesla 3, a karkace. Rana na juyawa, sai layukan su nannaɗe: a wurinmu kusan digiri 45, a Mars sun haura 55. Sannan bangon akwatin lissafin da iska ke shigowa ta wajensa, ka matsar da shi can gaba. Iskar tana cin birki ta taru a gaban Mars, wajen ninki 1.6 na rabin faɗin Mars daga tsakiyarta. In ka kafa bango dab da nan, lissafi ya rikice.

BABA: Kamar yadda ruwa ke tasowa gaban kwalekwale. Da kun tambaye ni tun shekaranjiya.

ƊALIBI: Ragar lissafin kuwa, Malam, zan ƙanƙanta idanunta don hoto ya fito raɗau.

BABA: Kul! Raga mai ƙananan idanu, ƙato biyu ba su jan ta.

DAKTA: Ji maganar Baba. Ka raba ido biyu, ɗakunan ragar sun ninku 8, yawan takun lokaci ya ninku 2, aiki sau 16 ke nan. In ido kilomita 100 ne, takun kada ya kai kwatan daƙiƙa. Ya wuce, iska ta tsallake ɗaki, allo ya cika da NaN.

BABA: Wace ce Nana?

DAKTA: Kwamfuta ce ke cewa ta wanke hannunta. In ya gama, ka gwada da awon kumbon MAVEN da aka tura nazarin Mars: a 2015 aka sanar iskar rana na yashe wa Mars wajen giram 100 na iskar sararinta kowace daƙiƙa.

BABA: Duk wanga hayaniya kan abin da bai kai nauyin tarwaɗa guda ba?

ƊALIBI: Na gyara, Malam! Ya kama aiki. Ya ce saura awa 96.

MAI SHAYI: Ko Mars ce ko Jega, ƙarfe goma nake kashe janareto. Kuma ba a biya kuɗin caji ba.