Garin Neman Kaifi

Tumatir ne ya fara tona mana asiri. Wata Asabar na shiga kicin neman ruwan sanyi, sai na tarar da uwargida tana kokawa da tumatir guda ɗaya tak. Ta ɗora masa wuƙa, ya lotsa. Ta ƙara dannawa, ya zille ya gangara ƙarshen tebur kamar wanda ya hango mai binsa bashi. Da ƙyar ta kamo shi ta soke shi da tsinin wuƙar, sannan ya yarda ya tsage, ya fallatsa mata ruwa a riga.

"Maigida, wuƙaƙen gidan nan duk sun mutu," in ji ta.

Da na sha ruwana na fita, da shi ke nan. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Bar min wannan, aikin minti biyar ne." Ta yi min irin kallon da take min duk ranar da ta ga na ɗauko sukundireba, ta miƙo min wuƙar ta wajen ƙota. "To, ga wuƙa," ta ce. "Naman sai ta yi kaifi."

A cikin katakon da wuƙaƙen suka zo akwai wani dogon ƙarfe mai mariƙi, shekara shida yana soke a wurin ba wanda ya taɓa zaro shi. Na sha ganin manyan masu girki a talabijin suna goga wuƙa a jikinsa cikin iska, shau-shau-shau, suna hira ko kallon hannunsu ba sa yi. Na gyara tsayuwa na kama yi. Ƙarar ma kaɗai ta isa ta sa mutum ya ji ya ƙware. Ina cikin haka 'yata ta leƙo ta ce, "Abba, da wa kake faɗa?"

Bayan minti goma na kawo tumatir na biyu. Shi ma ya lotsa, ya zille, ya bi hanyar ɗan'uwansa.

Sai daga baya na gane wannan ƙarfen ba aikinsa ke nan ba. Bakin wuƙa siriri ne ƙwarai, in ana aiki da shi yakan ɗan kwanta gefe guda yadda ido ba zai gani ba, shi kuwa ƙarfen miƙar da shi kawai yake yi. Wuƙar da bakinta ya riga ya cinye ya koma kamar gefen cokali, ba sauran abin miƙarwa a jikinta. Ni dai mai sanƙo ne ya samu mataji.

Washegari na shigo gida da wani ɗan abin roba mai tsaga biyu, kowace kamar harafin V. A tsagar farko akwai wasu ƙarafa biyu masu taurin tsiya da ake kira kabaid, a ta biyu kuma 'yan sandunan tangaran. Ka sa wuƙa ka ja, shi ke nan. Takardar da ta zo da shi ta ce a ja kaɗan, a hankali, ba tare da dannawa ba. Wannan takarda na karanta ta ne bayan mako biyu, lokacin da na tsince ta a ƙarƙashin firij. A ranar dai sau arba'in na ja, ina dannawa da iyakar ƙarfina, domin ni a ganina abin da aka sha wa wahala ya fi albarka. Da na ɗaga abin sai ga garin ƙarfe baƙi a tebur, wasu ma a nannaɗe kamar fiƙen fensir. Ban kawo komai a raina ba. Na share na kawo tumatir na uku.

Ya yanku. Wallahi ya yanku. Na kira uwargida, na kira 'yata, na sake yanka wani a gabansu.

To daga nan fa abin ya hau kaina. Duk wani abu mai baki a gidan sai da ya bi ta tsagar nan. Wuƙar burodi, mai haƙora kamar zarto, ta shiga da haƙoranta ta fito tana dasashi. Almakashi ya tsira ne kawai don wani ya ɓoye shi, har yau ba a faɗa min ko wane ne ba. Sannan idona ya faɗa kan wuƙar da ke cikin kwalinta a saman kabad, wadda yayan uwargida ya kawo mata daga Japan, wadda ba ta fito da ita sai da dalili.

Ja ɗaya na yi, na ji ƙarrr, irin ƙarar da ke sa haƙori tsami. Na ɗaga ta wajen taga. Bakin ya ɓantale wuri uku, kamar ɓera ya ɗanɗana.

Daren nan ban yi barci da wuri ba, ina ta bincike a waya kamar mai neman magani. A nan na san cewa wuƙa ma ƙabila-ƙabila ce. Irin na Jamus, waɗanda garin Solingen ya yi suna a kansu, a da yawanci ana wasa bakinsu a kan kusan digiri 20 kowane gefe, taurin ƙarfensu kuma wajen 56 zuwa 58 ne a ma'aunin Rockwell. Na Japan bakinsu ya fi siranta, kusan digiri 15, taurinsu kuma yakan kai 60 ko fiye. Ƙarfe mai tauri ya fi riƙe kaifi, amma ba ya lanƙwasa, in ka matsa masa ɓallewa yake yi. Shi kuwa ɗan abin robana kusurwa ɗaya ya sani, duk wuƙar da ta shigo ita zai ɗora mata ko tana so ko ba ta so. Na mayar da wuƙar kwalinta, na juya ɓantalallen gefen ƙasa, na kwanta ina ƙirga kwanakin da suka rage min.

Babbar wuƙar ma ba ta tsira ba. Kullum da safe sai na ja ta sau goma kafin in fita aiki. Ashe wajen ƙotarta akwai ƙarfe mai kauri da ba ya shiga tsagar, don haka kowane ja daga wuri ɗaya yake farawa, nan ne kuma ya fi cinyewa. Bayan mako biyu cikinta ya rame. In ka kafa ta a kan abin yanka, ƙarshe da ƙarshe suna taɓawa, tsakiya kuwa haske na wucewa ta ƙasa. Uwargida ta yanka albasa, ta kama yanki ɗaya ta ɗaga, sai sauran suka biyo shi a jere, duk a manne ta ƙasa kamar sarƙa.

"Maigida," ta ce, tana lilo da ita a gabana, "da wuƙar ba ta yanka. Yanzu tana yanka, rabawa ce ba ta yi."

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni dutse na sayo.

Dutsen washi ne mai fuska biyu, an rubuta 1000 a ɗaya, 6000 a ɗaya. Na yi lissafi irin na mai sayen inji: babbar lamba, babban ƙarfi. Na juya 6000 sama, a bushe, na yi awa guda ina goga. Dutsen yana yawo a tebur ina bin sa. Da na gama bakin wuƙar yana walƙiya har ina ganin ƙwayar idona a ciki, amma ko takarda ya ƙi yankawa. Ashe lambar nan girman ƙwayoyin dutsen take nunawa, kuma yawanta laushinsa. 1000 shi ke fitar da baki, 6000 goge shi kawai yake yi ya yi santsi, wuƙar da ta ɓantale kuwa sai an sauka wajen 400. Irin wannan dutsen kuma jiƙa shi ake yi a ruwa, minti biyar zuwa goma, har sai kumfar da ke tasowa daga jikinsa ta tsaya, sannan a shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a ƙarƙashinsa don ya zauna wuri ɗaya. Har taɓon nan mai ruwan toka da ke taruwa a kansa, wanda nake ta wankewa don tsafta, shi ma yana cikin masu aikin.

Wahalar gaske a kusurwa take. Dabarar da na koya ita ce ka tsayar da wuƙa cak a kan dutse, wannan digiri 90. Ka kwantar da ita rabi, 45. Ka sake rabawa, 22 da rabi, ka ɗan ƙara sauke ta kaɗan. A faɗa da sauƙi. Amma hannuna yana da nasa ra'ayin. In na tura gaba ya sauka, in na jawo baya ya tashi. Sai na ga wani ya ba da shawarar a shafa baƙar maka a bakin wuƙar, a goga sau biyu uku a duba inda tawadar ta goge. Na aro ta 'yata na shafa. Na goga, na duba. Tawadar ta goge tas can sama, bakin kuwa yana nan baƙi wuluk ko taɓa shi ba a yi ba. Kwana uku ke nan ina wasa kumatun wuƙa.

Na ɗan ɗaga bayanta, na manne yatsu uku a kusa da bakin, na daina sauri. Sautin ma sai ya canza, daga ƙarar yashi ya koma wani shuu mai daɗi. Alamar an kai ga baki ita ce wani ɗan siririn leɓen ƙarfe da ke fitowa a ɗaya gefen, daga ƙota har tsini, wanda ido ba ya gani sai yatsa. Ana jin sa ne in an shafo babban yatsa daga bayan wuƙar zuwa baki a ƙetare, a zame waje. Kalmar "a ƙetare" ce ban lura da ita ba. Na bi bakin a tsaye. Nan take na samu shaidar farko cewa aikina ya fara kyau, na je na nemo filasta.

Na juya ɗaya gefen na yi masa haka, na koma 6000 da hannu sakwa-sakwa. Saura cire leɓen nan, wanda ake yi da goga wuƙar a kan fata, baki yana bin baya, kamar yadda ake yi wa aska. Fatar da ke kusa ita ce bel ɗin da ke ƙuguna. Na zare shi na maƙala a mariƙin ƙofa, hannu ɗaya na jan bel, ɗaya na riƙe da wuƙa, wando kuwa aka bar shi da Allah. Daidai lokacin da ya fara sauka aka turo ƙofar daga waje. Ƙanwar uwargida ce ta zo gaisuwa.

"Yaya, lafiya?" ta ce. Sai ta dubi wuƙar, ta dubi wandon, ta ja ƙofar a hankali ta rufe. Ina jin dariyarsu daga falo har wajen minti goma.

Amma fa wuƙa ta yi kaifi, irin kaifin da ban taɓa gani a gidana ba. Tumatir ko dannawa ba a yi, ɗora ta kawai za ka yi ka ja. Albasa ma ta rage sa mutane kuka, don wuƙa mai kaifi yanka take ba murƙushewa ba, abin da ke fitowa ya shiga ido bai kai na da ba. Na kama gwaji. Duk takardar da na gani sai na riƙe ta a iska na tsarge ta, har da wata da ta zama aikin lissafin 'yata, wanda na kwana ina kwafa da hannun hagu don ya yi kama da rubutunta. Gashin hannuna kuwa na aske shi fili-fili. A wurin aiki wani abokina ya ja ni gefe ya tambaye ni a asirce ko makero ne, wai ya san magani.

Kwana huɗu wuƙar ta sake mutuwa.

Na riƙe ta ƙarƙashin fitila, baki sama. Baki mai kaifi ba ya mayar da haske, nata kuwa ga farin layi nan yana ƙyalli. Na zargi dutsen, na zargi ƙarfen, har na fara duba injin washi mai lantarki. Ina zaune a kicin da waya a hannu sai kunnena ya kama wani sauti: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Uwargida ce ke yanka a kan faifan gilashin nan mai zanen furanni. Ni na sayo mata shi bara, da kaina, na kawo shi a nannaɗe ina ta yabon yadda ba ya riƙe wari. Katako da roba suna barin bakin wuƙa ya ɗan nutsa a jikinsu. Gilashi ba ya sassautawa ko kaɗan, kowane sara bakin ne ke biya.

Na ce, "Ashe wannan ne ke kashe mana wuƙaƙe."

"E," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kin sani?"

Ta jawo aljihun tebur, can bayan cokula, ta fito da wata 'yar ƙaramar wuƙa da wani tsohon katako. Ta kife kofin shayi na tangaran, ta goga wuƙar sau biyar kowane gefe a kan zoben nan na gindinsa da ba shi da santsi, ta wanke, ta yanka tumatir siriri har ana ganin haske ta cikinsa. Da su take aiki in ba na nan. Gilashin sai ta ji motsina take ɗaukowa.

"To me ya hana ki faɗa min?"

"Kyauta ce ka kawo da murnarka," in ji ta. "Kuma tun da ka kama washin wuƙa, famfon banɗaki ya samu lafiya."

Wuƙar Japan dai asirinta ya tonu a makon, aka kai ta wajen mai sana'ar washi, ni na ɗauka. Ya juya ta a hannu, ya girgiza kai, ya ce, "Yara ne suka yi wasa da ita?" Na ce e, yaran yanzu sai addu'a.

Yanzu gilashin ya koma tiren da nake ɗora dutse a kai in na jiƙa shi. Jiya na lura tsakiyar dutsen ya fara zurfi kamar kwano, don nan kaɗai nake gogawa, kuma dutsen da ya lotsa ba ya ba da baki miƙaƙƙe. Na bincika, ashe akwai wani dutse na musamman da ake daidaita dutsen washi da shi. Na nuna wa uwargida hotonsa a waya. Ta daɗe tana kallo.

"Shi kuma wannan," ta ce, "in ya lotsa, me ke gyara shi?"

Na ce zan duba.