An sayar mana da rauta, an bar mu da Wi-Fi ɗin da bai wuce falo ba

Haba jama'a! Mutum ya cire kuɗinsa ya sayi rauta, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi a gida, duk wata yana zuba mata data, datar da tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince a ƙara wa kuɗinta har kashi 50 cikin ɗari, amma a ce Wi-Fi ɗin bai wuce falo ba? Maigida na kishingiɗe yana kallon bidiyo lafiya ƙalau, uwargida kuwa ko saƙon murya na WhatsApp sai ta fito tsakar gida ta ɗaga waya sama kafin ya tafi. In ka koma wurin wanda ya sayar maka, amsarsa ba ta wuce biyu: "Alhaji, ai netwok ne," ko "Sai dai ka ƙara busta." Bai tambaye ka bango nawa ne tsakanin falo da ɗakin ba, bai tambaye ka ina ka ajiye ta ba. Shi dai ka kawo kuɗi. Tsakani da Allah wannan cuta ce.

Abin da ba sa gaya wa mutane shi ne, rauta mai layin waya sigina biyu take aiki da su. Akwai wanda ke zuwa mata daga ƙarfen sabis na kamfani, akwai kuma wanda take rarraba wa wayoyin gida. In ba a bambance su ba, sai a bar jaki ana dukan taiki. Gwajin bai kai minti biyar ba: tsaya kusa da rautar ka auna gudun intanet, sannan ka shiga ɗakin da ake kuka da shi ka sake aunawa. In a gindin rautar ma ba daɗi, matsalar daga waje take. In a nan yana gudu, can kuma yana rarrafe, to ginin gidanka ne ke cinye shi.

Ga matsalar waje, kada ka yarda da sandunan nan na fuskar rauta. Juya ta, a ƙarƙashi za ka ga adireshin shiga saitinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Rubuta shi a burauzar wayarka, ka shiga ka nemi RSRP, wato ƙarfin siginar kamfani, da SINR, wato tsabtar siginar daga hayaniya. RSRP da ya kai -90 ko ya fi haka kyau, ka dace. In ya gangara -110, wahala za ka sha. Lambobin na ɗauke da alamar ɗebewa, saboda haka -80 ya fi -100 ƙarfi. SINR kuma in ya haura 13 madalla, in yana kewayen sifili hayaniya ta rinjayi sigina. Ka riƙa kai rautar taga bayan taga, kana jira kamar minti guda lambobin su zauna. Mita biyu kacal na iya canja labari, musamman ga 5G da ke kan zangon 3500 MHz, wanda ba ya jure bango irin yadda zangon 800 MHz ke jurewa.

Yanzu ga inda masu sayarwa suka fi ba ni haushi. Nisan da ake rangaɗawa a jikin kwali ba da ginin bulo aka auna shi ba. Mu kuwa bulo mai inci 9 muke gini da shi, a yaɓe shi da siminti ciki da waje, taga a dasa mata ƙarfe, sama a zuba dekin mai rodi ko a buga kwano. Da dB ake auna raguwar sigina: duk ragin dB 3 rabin ƙarfin sigina ne ya tafi, ragin dB 10 kuwa kashi ɗaya cikin goma ya rage, kuma bangon bulo guda na iya cin haka ko fiye. Bango biyu, ka ga saura ɗaya cikin ɗari ke nan. Ginin ƙasa mai kauri ma bai tsira ba, balle da damina in ya sha ruwa. A haka ne mai haɗawa zai zo ya cusa rautar a bayan talabijin, ko cikin kabad, don kawai a nan soket yake, ya karɓi kuɗin aiki ya kama gabansa.

Ciro ta daga can. Ɗaga ta kamar mita biyu daga ƙasa, a fili, nesa da firji, babban madubi, ƙofar ƙarfe da tankin ruwa. Eriyoyin su tsaya a miƙe, domin siginar gefe da gefe take bazuwa, ba ta tsinin eriya take fita ba. Sauke manhajar auna Wi-Fi a wayar Android ka zagaya gidan: -50 dBm garau ne, -67 shi ne iyakar da kiran bidiyo ke tafiya ba gargada, -80 kuwa sunan sigina ne kawai.

A saiti, raba zangon Wi-Fi guda biyu, 2.4 GHz da 5 GHz (wannan daban yake da 5G na layin waya). Na biyun ya fi gudu amma bango ɗaya ko biyu ke kashe shi, na farkon ya fi nisa amma cunkoso ya yi masa yawa. A 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Duba wadda maƙwabta ba su cika ba ka zauna a kanta, ka mayar da faɗinta 20 MHz. Wanda ya ce ka sa 40 don ƙarin gudu a unguwar da kowane gida ke da MiFi, rigima ya jawo maka.

Sai bustar da ake ta tallatawa. Rifita ce, wato na'urar da ke karɓar siginar Wi-Fi ta maimaita. Ƙarama mai rediyo ɗaya da shi take saurare, da shi take maimaitawa, don haka tun kafin a je ko'ina gudun ya rabu biyu. Abin takaicin, ana sayar da ita ba tare da bayanin inda za a sa ta ba, sai mutum ya kai ta can ɗakin da babu sigina ya jona. Me za ta maimaita a wurin? Sandunan waya su cika fal, shafi ya ƙi buɗewa, mutum ya zauna yana tsinewa kamfani. In dole sai ka yi amfani da ita, sa ta a tsakiyar hanya inda sigina bai gaza -65 ba. Haka ma rauta mai eriya shida da ake cewa tana ratsa kowane bango: ko da ta isar da sigina ɗaki, ita wayar hannunka ƙarfinta kaɗan ne, ba za ta iya mayar da amsa ta cikin bango uku ba. Bustar sabis ɗin waya kuma, wadda ake kafa wa eriya a saman rufi, wata aba ce daban, NCC ta sha gargaɗi cewa kafa ta ba izini laifi ne, don tana dagula wa unguwa sabis.

Maganin da ke aiki shi ne kebul, kuma shi ne ba a son faɗa saboda sai an yi gumi. Taga ce ta dace da siginar kamfani, tsakiyar gida ce ta dace da wayoyi, rauta ɗaya ba za ta zauna wuri biyu ba. Bar mai layin a tagar da ta fi kyau, ka ja kebul Cat6 zuwa rauta ta biyu a sashen da ake kuka. Kebul ɗin na kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba. A rauta ta biyun, in tana da zaɓin AP, wanda ke mayar da ita mai rarraba Wi-Fi kawai, zaɓe shi. In babu, kashe DHCP, saitin da ke raba wa wayoyi adireshi, ba ta adireshin da bai yi karo da na ta farko ba, ka soka kebul a ramin LAN, ba WAN ba. Suna da kalmar sirri su zama iri ɗaya da na farko, tasha ta bambanta: in waccan na kan 1, wannan ta hau 6 ko 11.

A nan ma sai an yi ha'inci. Kasuwa cike take da kebul mai rubutun CCA, wato alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe, ana sayar da shi a matsayin na gaske. Kankare zare ɗaya da reza, in fari ya bayyana a ciki, mayar musu da kayansu. Yana karyewa a lanƙwasa, kuma yana zafi in aka tura wuta ta cikinsa. Zare takwas ne a ciki, in mai matse kan ya yi ganganci ɗaya ya kuskure, haɗin da ya kamata ya ba da gigabit, wato gudun 1000 Mbps, sai ya faɗo 100 Mbps ko ya mutu gaba ɗaya. A gwada shi da na'urar gwaji kafin a biya kuɗin aiki. In zai ratsa tsakar gida, a zura shi cikin fayif, rana na cinye robarsa. Na'urar da ke tura intanet ta wayar wutar gida kuwa, a gidan da ake sauyawa tsakanin Nefa, janareta da inbata, kada ka ɓata kuɗinka.

Wani lokacin ma ba nisa ba ne, wuta ce. Rauta mai neman 12V 2A an jona mata cajar 1A, da lodi ya yi yawa sai ta mutu ta tashi. Karanta abin da ke rubuce a ƙarƙashinta, ka samo mata ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, daidai da shi. Yawancinsu kuma an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, alhali a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri na wuce haka a inuwa. Kada rana ta buge ta a taga, kada a lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙura. A saitin tsaro, kashe WPS mai haɗa waya ba tare da kalmar sirri ba, sa makullin WPA2 ko WPA3, ka duba jerin wayoyin da ke haɗe, don samarin ƙofar gida na raba kalmar sirri a tsakaninsu cikin daƙiƙa.

In ka yi duk wannan, RSRP na da kyau, da asuba intanet na gudu, amma daga bayan isha'i sai ya durƙushe ko a gindin rauta kake, to ka wanke hannunka. Ƙarfen sabis ɗin ne aka lafta wa mutanen da suka fi ƙarfinsa, ana ta sayar da layi da data ba a ƙara masa komai ba, kuma babu eriya ko busta da za ta gyara wannan. Ɗauki hoton gwajin safe da na dare na kwanaki a jere, kai ƙara wurin kamfanin, ka dage sai sun ba ka lambar ƙorafi. In suka yi biris, kira NCC a 622, kyauta ne, ka karanta musu lambar.