Turmin Hajiya da ɗakin tafi-da-gidanka

Motata Honda CR-V ce, kuma a littafinta an rubuta ƙarara cewa iyakar abin da za ta iya ja laba 1,500 ne, wato kilo 680. Wannan littafi ya daɗe yana barci a aljihun gaban mota tare da tsofaffin rasidai da guntun asuwaki, ba mai damunsa, sai da yarana suka kamu da ciwon da ke kama mutanen Amurka duk lokacin zafi: a ɗaura ɗaki a bayan mota a tafi daji a kwana. Mutum da gidansa, da famfonsa, da wutarsa da ba a ɗaukewa, ya biya kuɗi don ya je sauro ya cije shi. Ni da na taso a inda kwanan waje ba hutu ba ne, na ce ba da ni ba. Uwargida ta goyi bayan yara. Surukata Hajiya, da ta zo mana ziyara nan Greensboro ta jihar North Carolina, ta ce ai ganin duwatsu ma ibada ne. Magana ta ƙare.

Dillalin da na fara zuwa wurinsa mutum ne mai fara'a irin wadda ke sa ka dafe aljihu. Ya zagaya motata, ya ɗan bubbuga ta, ya ce wannan ai doki ce, ba abin da zai gagare ta. Ya shigar da ni wani ɗaki mai gado da firji da banɗaki har da talabijin, an rubuta masa a jiki da manyan baƙaƙe cewa mara nauyi ne ƙwarai. Na leƙa takardar da ke manne a gefe, kilo 1,400 da ɗoriya. Ninkin abin da motar ke iyawa ke nan har da canji. Da na nuna masa, ko a jikinsa, ya ce matsala ce ƙarama, ƙaninsa yana sayar da a-kori-kura a tsallaken titi.

Wanda ya zaunar da ni maƙwabcina ne, wani Alhaji mutumin Maraɗi, direban babbar mota. Greensboro cike take da 'yan Nijar, kuma in kana da irinsu kusa ba ka buƙatar lauya ko bakanike. Ya ce nauyin da masu ƙerawa ke rubutawa na ɗaki ne tsirara, sau da yawa ba batir, ba tukunyar gas, ba ko ɗigon ruwa. Tukunyar gas cikakkiya kilo 17, kowace litar ruwa kilo guda. Sannan ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata 'yar takarda a jikin ginshiƙi, wadda na rantse ranar na fara ganinta: mutane da kaya a cikin mota kada su wuce kilo 385. Kuma, in ji shi, nauyin da bakin ɗakin ke dannawa a kan ƙugiyar mota, wajen kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, a cikin wannan lissafi yake.

"To, Malam, ku nawa ne?"

Na ce mu biyar.

"Sai ka auna su."

Ni na hau sikeli na sauka ban gaya wa kowa ba. Yara suka hau suna dariya. Uwargida ta dube ni ta ce, "Baban yara, ka rubuta abin da ka ga dama, Allah yana gani." Hajiya kuwa ban isa in tunkare ta da wannan magana ba, don haka na aika ɗiyarta. Ina falo na jiyo amsa ta bango: "Ki tambayi mijin naki ni buhun gero ce?" Na rubuta kilo 60 don girmamawa, duk da dai ni da biron mun san ba haka ba ne.

Daga nan aka shiga zaɓe. Akwai wani ƙarami mai siffar ɗigon hawaye, katifar mutum biyu kawai a ciki, madafa a waje ta baya. Hajiya ta ga hotonsa ta ce ita ba za ta shiga abin da sai an kwanta ake shiga ba tun tana da rai. Akwai wani mai suna Scamp, mai tsawon ƙafa 13, wanda ake ƙerawa a wani ɗan gari, Backus, can Minnesota. Ya shiga raina, amma ko na hannu tsada gare shi, kuma in ka zuba masa kaya ya cinye kilo 680 ɗin ya nemi ƙari. Aka tsaya a kan wanda ake naɗewa: a hanya akwati ne mai taya biyu, in an isa a juya wani hannu ya tashi sama, gadaje su fito ta gaba da baya, bangonsa tamfol. Na samu na hannu wurin wani tsoho, takardarsa ta ce kilo 520. Saura kilo 160 na kaya. Na ce ai har da sadaka.

Ranar tafiya na fito na tarar da ƙofar gida kamar za a kai amarya. Buhun shinkafa, jarkar mai, tukunyar suna wadda ke ciyar da unguwa, kuloli, jarkokin ruwa saboda Hajiya ba ta yarda da ruwan daji ba, butoci, dardumai, bargon kowa, doya, da turmi da taɓarya. Turmin nan na icce ne na gaske, Hajiya ta sha faɗa da ma'aikatan filin jirgi kafin ya shigo ƙasar. Na ce wa uwargida a hankali kwana biyu fa za mu yi. Ta ce shi ya sa ba a ɗauko injin markaɗe ba.

Da aka gama lodi, bayan mota ya durƙusa, hancinta ya kalli sama. Taron dangi ya yanke shawarar a mayar da masu nauyi can ƙarshen ɗakin, aka ɗaure turmi da jarkoki a kan ƙarfen baya. Mota ta miƙe tsaf, kowa ya yaba.

Mun hau babbar hanya ta 421, mun wuce Winston-Salem lafiya, sai wata tirela ta wuce mu da iskarta. Ɗakin ya fara kaɗa gindi, dama, hagu, dama, motar tana bin sa. Sitiyari na hannuna amma ba ni ke tuƙi ba. Hajiya ta ɗauki salati, auta yana ihu wai a ƙara. Allah ya taimake ni na tuna abu guda da Alhaji ya faɗa, cewa kada a taka birki da ƙarfi, a ɗage ƙafa daga totur a riƙe sitiyari a miƙe. Da muka tsaya a gefe na kira shi. Ya tambayi inda turmi yake, na faɗa masa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in lallaɓa zuwa tashar manyan motoci mafi kusa in hau ma'auni, yana zuwa.

Ma'aunin nan an yi shi ne don tireloli. Na hau da 'yar motata, gabanmu da bayanmu dodanni suna huci. Maɓallin da ake dannawa a yi magana da mai awo yana can sama, daidai tagar direban babbar mota. Na miƙa hannu, na yi ɗage, na yi tsalle, ban kai ba. Uwargida ta zaro muciya ta miƙo ta taga ba tare da ta ce uffan ba. Da ita na danna. Wata murya ta tambayi lambar tirelata, na ce ba ni da lamba, iyali ne. Na shiga na biya na karɓo takarda: tayoyin ɗakin kaɗai suna ɗauke da sama da kilo 750.

Alhaji ya iso da motarsa ya yi aikin alƙali a filin ajiye motoci. Ruwa a zubar, akwai famfo a sansani. Shinkafa a ɗebi ta kwana biyu. Abin da ya rage mai nauyi a sa shi ƙasa, a kan tayoyi ko ɗan gaba da su, don in baya ya fi gaba nauyi dole ɗaki ya yi rawa. Ya zo kan turmi ya rusuna ya ce, "Hajiya, ki ba ni amanarsa." Shi ta ba shi. Ni ko kallona ba ta yi ba. Tukunyar suna kuwa na yi iya ƙoƙarina a bar ta, uwargida ta ɗora ta a cinya ta ce ita da tukunyar mutum ɗaya ne.

Bayan Wilkesboro hanya ta fara hawa zuwa Boone, garin da ke kan tudu wajen mita 1,000. Motar tana kuka, ni ina ba ta haƙuri, har masu manyan motoci suna wuce mu. Muka isa sansani da la'asar, sai ga jarrabawar da ba wanda ya ba ni labarinta, wato shiga fili da baya. Ka juya dama, ɗaki ya yi hagu. Ka gyara, ya lanƙwashe ya zo yana leƙenka ta taga. Kafin wani lokaci tsofaffin Turawa sun taru da kofunansu a hannu, kowa da tasa fatawar, wani ya ce in riƙe sitiyari ta ƙasa, wani ya ce in fita in sake shigowa. Can ɗayansu ya gaji, ya kwance ɗakin daga mota, suka kama shi da hannu suka gangara da shi wurinsa cikin minti guda.

Da dare uwargida ta cika tukunyar nan da dafa-duka, aka aika wa kowane ɗayansu. Wanda ya kwance ɗakin ya dawo da kwanonsa yana share gumin yaji yana neman ƙari. Hajiya ta zuba masa da hannunta, ta ce da ɗiyarta, da ƙarfi yadda zan ji, a gaya wa bawan Allah gobe da sakwara zai ci, ba don wani ya ba da turminta a tashar mota ba. Baturen ya juyo gare ni yana jiran fassara. Na ce masa tana yi masa fatan alheri.