Ɗan Shuɗi Ya Ƙi Fita

(Falo. Maigida ya naɗe hannun riga har kafaɗa gaban tankin kifin ruwan gishiri mai lita 200, da 'yar raga a hannu, ƙasa duk ta jiƙe)

Uwargida: Baban Auta wai wanka ka koma yi a falo ne?

Maigida: Ɗan shuɗin nan nake so in cire, damsel ɗin. Duk kifin da na saka sabo sai ya bi shi da cizo, jiya ya yage wa mai ruwan ɗorawan can jela, ga shi can bawan Allah ya maƙale bayan famfo ko abinci baya fitowa ci.

Uwargida: Wannan da bai kai babban yatsa ba?

Maigida: Ke girma kike gani ni hali na gani. In abinci ne har hannuna yake zuwa, amma yana hango raga sai ya faɗa ramin dutse ya leƙo ni da ido ɗaya.

(Malam Na-Sani ya yi sallama ya shigo)

Na-Sani: Kai mutumina raga ɗaya? Haba. Ai biyu ake sawa, ɗaya ta tsaya cik ɗaya ta koro shi a hankali, kai kuma ka tsaya kana tsere da kifi a cikin ruwa. Kawo nan. Yauwa... yauwa... ya shiga!

Auta: Kawu ai mai ruwan ɗorawan ne.

Na-Sani: Kar ka ɗaga! Wannan tang ne, yana da ƙaya kamar aska a gindin jela ta kowane gefe, in ta sarƙe a raga sai ya ji ciwo ko ya yanke ka, shi da kofin roba ake ɗaukarsa. Kai kuma Auta yara basa saka baki in manya na aiki. A kawo gorar ruwa ta roba mu yi tarko. Ka yanke wuyanta ka juya shi ciki ka zuba abinci, in ya shiga ba zai gane hanyar fita ba. Amma fa sai da yunwa, kwana ɗaya ko biyu ba a basu komai ba.

Uwargida: Toh ai Auta ya basu sau uku yau.

(Bayan awa ɗaya)

Maigida: Waye a ciki?

Uwargida: Kaguwa biyu, jatan lande, da kifin clown ɗin nan mai ratsin fari. Naka kuwa ga shi a bakin gorar yana tsince abin da ke fitowa.

Na-Sani: Madubi! Hajiya a aro mana madubi. Irinsu masu kishin wuri ne, yana ganin kansa zai ɗauka wani ne ya shigo masa yanki sai ya fito faɗa mu kuma mu zo ta baya.

Maigida: Wallahi ya fito, dubi yadda yake dukan gilashi. Miƙo ragar... kash! Inuwarta kawai ya gani.

Na-Sani: Toh sai dare, a kashe fitila ya yi barci sai a kunna masa haske kwatsam, kafin ya dawo hayyacinsa an kwashe shi. A ina yake kwana?

Maigida: Cikin dutse.

Na-Sani: Kwaso bokitai kawai mutumina, rushe gidan za mu yi. Kashe hita tukuna ka bari ta huce, in ruwa ya sauka ya bar ta a waje da wuta fashewa take yi. Famfo ma a kashe. Saka tiyo ka ja ruwan cikin bokiti kar digo ya zube.

Uwargida: Ku zubar mana a ɗebo wani, ba ruwa ba ne?

Maigida: Ruwa? Giram 35 na gishirin teku ne a duk lita ɗaya, sai na auna nauyin ruwan ya tsaya 1.025 ga zafi digiri 25, kwana nake ina haɗa shi. Duwatsun ma a ruwa za a tsoma su, in suka bushe bakteriyan da ke cinye dattin kifin sun mutu an koma farko.

Na-Sani: Kuma ka sa safar hannu, akwai tsutsa mai gashi a ramukan nan, wasu murjanin ma guba ne da su mai suna palitoksin, ba a wasa da... wayyo! Wayyo yatsana!

Uwargida: Malam ina taka safar?

Na-Sani: Ni ai na saba. Ɗan samo min salatif in cire gashin.

(Tanki ya koma yashi da ruwa taƙi ɗaya, bokiti tara a falo)

Maigida: Clown ga shi, tang ga shi... ina ɗan shuɗi?

Na-Sani: Tona yashin. Duba bayan tanki ko ya yi tsalle. Babu? Toh ya tafi kenan, wataƙila tsoro ne ya kashe shi kaguwa suka gama da shi. Mu mayar da kaya.

(Ƙarfe biyun dare, duwatsun sun koma amma sun ƙi zama yadda suke da, ruwa ya gurɓace)

Uwargida: Baban Auta, wancan da ke bin mai ruwan ɗorawa da gudu waye?

Maigida: Innalillahi. Daga ina ya fito?

Auta: Ai tun ɗazu yana cikin dutsen da ke cikin jan bokiti, shi kaɗai, ina ta ganinsa yana leƙowa.

Maigida: Yana waje? Mun riga mun fitar da shi? Kuma ka yi shiru?

Auta: Kawu ya ce yara basa saka baki.

Maigida: Wane dutsen ne?

Auta: Babban da kuka saka a can ƙasa kuka ɗora sauran a kai.

Na-Sani: Mutumina kamar ana kirana a waya, bari in fita nan ba sabis.

Uwargida: Riƙe tsumman nan Malam, ka amsa kana gogewa.